Kaskon Pak Karsono Ya Sauko Daga Gora

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan da ya ƙage saboda kallon sama, iyalan Pak Karsono, wato Malam Karsono, na ƙauyen Sumberwatu suke sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk mai waya a aljihu cewa Kasko ya riga mu gidan gaskiya. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, bayan gajeriyar jinya da doguwar gardama.

Marigayin ya shigo gidan ne cikin kayan auren Bu Ngatirah, matar Pak Karsono. A kan murhu ya yi ƙuruciyarsa, yana soya rogo da ayaba, ba a taɓa jin ya ƙona wa baƙo abinci ba. Masu tsawon rai suna tuna muryarsa ta wancan zamani, wato cuuu, idan an jefa masa ɗanyen rogo a mai.

Girma ya zo masa bayan mai gidan ya ajiye aikin kwandasta. 'Ya'ya duk sun watse birni neman abinci, gida ya yi tsit, ga Pak Karsono mutum ne da ya saba da mota cike maƙil, shiru yana sa masa ciwon kai. Shi kuwa ƙauyen a tsakanin duwatsu yake, mai son aika saƙo sai ya hau tudu yana ɗaga waya kamar mai tallan ta. Wata rana Pak Karsono ya ga wata dabarar kama sabis da kasko a gidan surukinsa a gari, ya dawo ya yi shiru da bakinsa har Bu Ngatirah ta tafi kasuwa. Ya huda tsakiyar Kasko, ya cusa bututun roba, ya sa modem, wato na'urar kama intanet, a ciki, ya ɗaure komai a kan doguwar gora, ya juya fuskar marigayin gabas, inda wani ƙarfen sabis yake can nesa a bayan kwari.

Da ta dawo ta ce, "Pak, ina kaskona?"

Ya nuna sama da haɓa. "An ƙara masa girma, Bu."

"Madalla. Sai ka hau can ka ci abincin rana."

Marigayin mai babban ciki ne, amma bai taɓa cin na kowa ba. Ɗan sabis ɗin da iska ta watsar, wanda waya ba ta ko jin ƙamshinsa, shi zai tattara a cikinsa ya zuba a bakin modem, daga nan ya gangaro tsakar gida a raba. Kafin wata ya zagayo, duk Sumberwatu ta koma gidan Pak Karsono. Da la'asar babu masaka tsinke: mata da kwandunansu, maza da sigarinsu, kowa ya sunkuyar da kai kan waya amma baki bai huta ba. Pak Karsono yana tsakiya da butar shayi yana ba da umarni, kuma a faɗi gaskiya tun da ya bar tasha bai yi farin ciki irin wannan ba.

Da yake abin da Kasko ke samowa kaɗan ne, sai ya koya wa gari tarbiyya. Mai rubutaccen saƙo shi ne gaba, mai hoto ya bi baya, hoton ma sai an rage masa nauyi. Kiran bidiyo ɗaya bayan ɗaya ake yi. Abu mai girma a yanka shi gunduwa-gunduwa a tura, gunduwar da ta faɗi a hanya ita kaɗai za a sake turawa. Idan kuwa wasan ƙwallo ne kowa yake so, mutum ɗaya zai sauke, sauran su kwasa daga wayarsa, ba a wahalar da marigayin sau goma a kan abu ɗaya. Lik Pairin wanzami, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, kullum sai ya tanka: "Pak Kwandasta, wai motar nan taka ba ta tashi ne sai ta cika? Tun azahar hotona yake tsaye a bakin ƙofa!"

"Hoton fuskarka ne, Pairin. Sabis ɗin ma tsoro yake ji."

Babu wanda ya mori marigayin kamar Mbah Tukiyem, tsohuwar da 'yarta ke aiki a Taiwan. Ita a ganinta nisa da ƙarfin murya ake cin sa, don haka duk unguwa ta san abin da 'yar ta ci. Idan hadari ya haɗu sai ka ji ihunta: "Karsono! 'Yata ta daskare baki buɗe!" Shi kuma ya ce, "Kashe hoton, Mbah, bar murya kawai." A irin wannan rana Kasko yakan sa baki daga sama, tas-tas-tas, ruwa yana dukan bayansa, bai taɓa neman a sauko da shi ba.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da kamfani ya kafa sabon ƙarfe a kan dutsen yamma, daidai ƙeyar marigayin, sannan ya kashe tsohon layin da ke zuwa daga gabas. Sabis ya cika gari har banɗaki. Shi kuwa Kasko, mai riƙon amana, ya ci gaba da kallon gabas, ya tare wa modem sabon ƙarfen da faffaɗan bayansa. Sai ya zama a duk Sumberwatu babu wanda ba ya samun sabis sai shi.

Mutane suka ɗauke ƙafa. Ba faɗa aka yi ba, kowa dai ya ga yana iya kiran ɗansa daga kan katifa. Lik Pairin ya leƙo sau ɗaya ya ce, "Juya shi mana, Pak, ko tsohuwar akuya ta san inda aka mayar da dusa." Pak Karsono ya ce marigayin ya tsufa da sauya alƙibla. Ya riƙe wannan magana makonni, har ranar da Mbah Tukiyem ta wuce ta ƙofar gidan tana hira da 'yarta, hoto tar, ta ɗaga masa hannu ba ta tsaya ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ko rogon ranar bai taɓa ba.

Washegari ya jingina tsani ya hau, Bu Ngatirah tana riƙe da ƙasan tana faɗa masa abin da take tunani game da tsofaffi masu hawa sama. Ashe tsatsa ta daɗe da cinye bakin hudar. Yana kama marigayin zai juya, sai kaskon ya zame daga hannunsa ya yi ƙasa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙwalalam, a cikin garken awaki. Awakin suna samun sauƙi.

Marigayin ya bar modem guda, wadda har yanzu jar wuta kawai take ƙiftawa, ba ta gane kowa. Ya bar gora, wadda Bu Ngatirah ta riga ta ɗaura wa igiyar shanya tun gawa ba ta huce ba. Ya bar ƙannensa a kicin, cokalin suya da matsami, da wani sabon kasko na zamani da bai taɓa kama ƙafarsa ba. Ya kuma bar Pak Karsono, wanda ya fi kowa maraici.

Bu Ngatirah da kanta ta yi wa gawar wanka da toka da ɓawon kwakwa, an kuma ga tana share ido, ko da yake ta ce tokar ce. Shawarar Lik Pairin ta a miƙa marigayin ga 'yan gwangwan ba ta samu karɓuwa ba, an roƙe shi kada ya maimaita ta a gaban mai gida. Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar a gindin gwandar tsakar gida, inda za a cika cikin marigayin da ƙasa a shuka barkono, tunda hudar za ta riƙa tsiyayar da ruwa.

Zaman makoki zai fara daga ranar, kullum da yamma. An tambayi Pak Karsono kwana nawa za a yi, uku ko bakwai ko arba'in, ya ce kada a rubuta ranar tashi. Iyalan suna roƙon duk wanda wannan sanarwa ta iske a waya kada ya aiko da ta'aziyya ta waya. Mun san yanzu saƙo yana isowa kafin ƙiftawar ido, amma saƙo ba ya zama a sha shayi da shi. A daure a zo da ƙafa, ƙofa a buɗe take.