Tsinken Saƙa da Katunan Sodangi

A 1972, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Sodangi ya fara ganin Rahmatu a wani biki a Kurfi. Uwarta da ubansa ciki ɗaya suka fito, wato taubasai ne. Kafin ya gama gaisuwa ta miƙa masa akwatinta, ta ce bawa ya kai ɗaki. Ya ce bai taɓa jin inda baiwa ta aiki ubangidanta ba. Har yau ba a raba wannan gardama ba.

Shekara goma sha biyu bayan haka, shi ne malamin gona a Kurfi, ita kuma tana kula da katunan marasa lafiya a wani asibiti a Dutsin-Ma. Damina ta yi jinkiri, manoma sun hana shi sakat da neman iri mai nuna da wuri. Marigayi Malam Mahmuda, wanda Sodangi ya gada a aikin, ya taɓa gaya masa akwai geron da ya tsira a farin 1973, kuma ya rubuta sunan mai shi. Amma marigayin a kwalin sigari da bayan rasit yake rubutu, takardu ɗari tara a cunkushe cikin fayil ɗaya. Rahmatu ta ba Sodangi katuna masu huji a gefe irin na asibiti. Kowane huji da maganarsa: gero, ruwa, ƙwari, taki, sai jerin shekaru. A liƙa takarda a kati, a tsaga hujin abin da ta ƙunsa. In an zura tsinke a huji aka ɗaga, katunan da aka tsaga su kaɗai za su faɗo.

Ranar Asabar da hantsi ya faka babur a ƙofar gidanta da kwalin katunan a baya.

"...lafiya lau, ya gida, ya yara. Karɓi tsiyarki."

"Ko zama ba ka yi ba, bawana? Mi ya faru?"

"Dabararki ta banza ce. Kwana shida ina liƙi, yatsuna duk ƙaro. Na zura tsinke a gero, duka ɗari taran suka zube mini a ƙafa."

"Ƙarya kake."

"Ga su nan. Gwada, malamar asibiti."

Ta ɗauko tsinken saƙarta, ta zura a hujin gero, ta ɗaga. Tsinke ya fito shi kaɗai. Ta gwada ruwa, haka. Ta gwada ƙwari, haka. Ta zaro kati ɗaya ta duba gefensa.

"Sodangi! Kai ka tsaga waɗannan ko ɓera?"

"Ni ne, da almakashin ofis."

"Duka huɗun ka tsaga! A kowane kati!"

"To ya zan yi? Gero ba ya son ruwa? Ruwa ba ya kawo ƙwari? In ƙwari sun ci, ba taki ake zargi ba? Ke da ba ki san ƙotar fartanya ba, a gona komai ɗan'uwan komai ne."

"Wannan fa? Rasit ɗin facin taya ne. Shi ma gero ne?"

"Gona za shi da tayar."

"Ka karanta su kuwa kafin ka tsaga?"

"Rubutun Malam Mahmuda? Ko shi da ransa sai ya kira mutum ya taya shi. Kwanan wata kawai nake iya gani a sama."

"Inna lillahi. Gwamnati ta tura ka makarantar gona shekara uku, jakin gidanmu da ya je da ya dawo da abin da ya fi haka."

"Jakinku ai shi ya koya maki lissafi. Rahmatu, bar wasa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. In aka yi ruwa jibi ban da irin nan, mutanena za su shuka mai kwana ɗari, damina ta ɗauke ta bar su da kara."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. Ta ja kwalin gabanta.

"Ka ce kwanan wata kake gani. Hujin shekaru fa, su ma duka ka tsaga?"

"Haba, ni mahaukaci ne? Takarda ɗaya ta yi shekara biyu?"

"Alhamdu lillahi, ashe da sauran hankali a gindin tukunyar."

Ta zura tsinke a 1973, ta ɗaga, ta girgiza. Katuna talatin da ɗaya suka faɗo kan tabarma, sauran suna rataye.

"Kin gani? Aikina ne ya yi kyau."

"Rufe mini baki, ka riƙe wannan."

Ita da ta saba da rubutun likitoci, na Malam Mahmuda bai ba ta wuya ba. A kati na sha tara ta tsaya.

"Karanta mana! Ko ke ma ya fi ƙarfinki?"

"Ƙauyen Makera, watan Satumba. Gero ya ƙone ko'ina, sai a gonar wata mata, Kyauta. Kwana saba'in ya nuna." Ta ajiye katin a hankali. "Innata ce."

"Gwaggo? Gwaggo Kyauta, Allah ya jiƙanta?"

"Ita. Shi nake shukawa a bayan gidan nan duk shekara, don kada irinta ya ɓata. Shi ne wanda ka sha kununsa da Sallah ka ce ƙwayarsa kamar ta tsuntsaye."

"Ni? Ban faɗa ba."

"Kofi uku ka sha kana faɗa."

Ta shiga ɗaki ta jawo dami biyu, zangarniya gajeru, baƙaƙe da hayaƙi. Sodangi ya murza ɗaya a tafin hannu, ya hura, ya daɗe yana kallon ƙwayar.

"Kwana shida ina liƙi, abin yana rataye a ɗakin baiwata."

"Ɗakin wa?"

Ya dubi damman, ya dubi gabas, ya fashe da dariya.

"Ɗakin uwar ɗakina, ranki ya daɗe. Na yau kaɗai."

"Ya ishe ni. Ɗauka, bawa. Ka ɗaure da kyau kada ka zubar a hanya."