Zomon Uwani da Hular Mati Na-Sani

Wani mutum ne a unguwarmu, Mati, amma kowa Na-Sani yake ce masa. Ko maganar jirgin sama ka ɗauko, kafin ka rufe baki ya ce, "Na sani, ai na taɓa gyara shi." Ba mugu ba ne, Allah ya sani, baki ne kawai ya yi masa yawa.

To, sai ga Mati ya faɗa son wata bazawara, Uwani mai ɗinki, wadda ke zaune a gidan yayanta Alhaji Barau. Magana ta yi nisa, saura kawai Alhaji ya ce a turo magabata.

Ana cikin haka ƙawar Uwani ta aiko mata da wani farin zomo daga Zariya. Uwani ta ɗauki son duniya ta ɗora masa. Damuwarta ɗaya: ƙasan kejin ragar waya ce, tana cin ƙafar zomon. Da Mati ya zo zance, ta sa aka fito da kejin zaure, ta faɗa masa.

"Zomo?" Mati ya yi dariya. "Ni da na kiwata dubu a Jos? Turawa layi suke yi su ga yadda nake shimfiɗa."

Mutumin da bai taɓa riƙe zomo ba sai a cikin miya. Ya ɗaga dabbar, ya leƙa ƙarƙashi, ya kanne ido ɗaya.

"Namiji ne, ƙato. Namiji kuwa tayil yake so."

Aka shimfiɗa tayil. Zomo ya taka, sululu, ƙafa ta yi gabas, ƙafa ta yi yamma, ya tafi da ciki har bango.

"Motsa jiki yake," in ji Mati. "Amma bari mu sauya masa."

Ya kawo dusar katako buhu guda, ya zazzage. Zomo ya dinga atishawa, Uwani na yi, shi ma gwanin yana yi. Aka kwashe. Daga nan ya ce busasshiyar ciyawa, wai da ma ita ce asalin sirrin, sauran duk gwaji ne.

Ciyawa ta yi daidai, har Uwani ta fara ce masa "ranka ya daɗe". Sai wata rana zomo ya tsiri wata ɗabi'a. Ya cika baki da ciyawa dam, ya kai kusurwa, ya dawo ya sake. Can kuma ya hau tsige gashin ƙirjinsa, fizge, fizge, yana tarawa.

Hankalin Uwani ya tashi. "Malam Mati, me ya same shi?"

"Ƙaiƙayin ciyawa ne. Mazansu haka suke."

Ya kwashe ciyawar tas. Zomo ya ƙara haukacewa, yana tonon katakon keji, ƙwar ƙwar ƙwar, gashi na tashi a zaure.

Uwani ta share hawaye da bakin mayafi. "Lafiya lau aka kawo mini shi. Wallahi idan ya mutu a hannunka, kada ka turo kowa wajen Yaya."

Mati ya miƙe tsaye. Ya duba hagu, ya duba dama, babu abin shimfiɗawa. Sai ya cire hularsa, sabuwa fil, ƙube mai aikin hannu wadda ya saya musamman don zuwa zance, ya tura cikin keji.

"Kishi ne ke damunsa," ya ce. "Namijin zomo ba ya natsuwa sai ya ji ƙamshin babban namiji. Gobe za ki ba da labari."

Ikon Allah, zomo ya shinshina hula, ya ja ta kusurwa, ya shige, ya yi tsit. Mati ya tafi gida kai ba hula, yana tafiya kamar ya ci zaɓe.

Washegari da hantsi bai zo shi kaɗai ba. Duk majalisarmu ya kwaso, ni ma ina ciki, wai mu zo mu ga ilimi. Alhaji Barau na zaune a zaure yana jan carbi, Uwani na tsaye bayan ƙofa. Zomo kuwa ga shi lafiya ƙalau, yana cin ganyen kabeji, har ya ɗan faɗa.

"Kun gani?" Mati ya buɗe keji. "Namiji sai namiji. Yanzu sai in ɗauki hulata."

Ya zura hannu, ya jawo hula, ya ɗaga zai kifa a kai. Sai ya ji ta da nauyi, da ɗumi, tana motsi. Ya leƙa. Mu ma muka leƙa. 'Ya'yan zomo ne jajaye, ko gashi babu, kwance cikin tsigaggen gashin uwarsu suna mutsu-mutsu.

Mati ya tsaya da hula a hannu biyu kamar mai roƙon hatsi.

"A hankali, Malam Mati," in ji Uwani daga bayan ƙofa, dariya na cin ta. "Mayar masa da 'ya'yansa. Hular kuma sai ya yi arba'in."

Mati ya mayar da hular cikin keji. "Ai Alhaji, a Jos akan samu irin..."

Alhaji Barau ya ajiye carbi, ya dube shi da tausayi.

"Barka da arziki, namijin naka ya sauka lafiya. Maganar turo magabata kuma a dakata tukuna. Ina tsoron in ba ka Uwani, ka kwana biyu ka dawo ka ce ƙanena na ba ka."