Fam Biyu, Suna Ɗaya

Ranar da wani Baturen Ingila a unguwar Dokki ta ƙasar Masar ya ɗauke ni direba, ya rubuta albashina a takarda: fam dubu takwas. Watana uku a ajin yaƙi da jahilci, don haka na hana kowa karanta mini. Na binciki darajar fam a waya, na sa matata Hadiza ta gaya wa mai gidan hayarmu za mu tashi.

Ƙarshen wata Baturen ya miƙo mini kuɗin Masar.

Na ce, "Yallaɓai, ina fam ɗin?"

Ya ce, "Ga shi a hannunka. Da Turanci kuɗin Masar ma fam ne."

Mai gidan haya ya bar mu mu ci gaba da zama, amma da ƙarin haya. Har yau in na shigo, Hadiza takan ce, "Sannu da zuwa, Alhajin Landan."