Injin Gwamnati Ya Gano Badamasi Yayan Zubaidatu Ne

Jama'a, yau na dawo daga asibiti da albishir. Bayan dogon bincike, ilimin zamani ya tabbatar da cewa maƙwabcina Malam Badamasi da ƙanwarsa Zubaidatu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Mu a Kutama mun fi shekara hamsin da sanin haka, amma sanin namu babu hatimi.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Sai da gemuna ya fara fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka idan masu ilimi na zance, kunne nake kasawa. To ga abin da kunnen ya kwaso.

Ja'afaru, ƙanen Badamasi, yana da ɗan fari mai suna Mahbub, kuma yaron na fama da farfaɗiya. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an sha ƙwayoyin asibiti, faɗuwar ba ta daina ba. Kwanan baya dab da bakin rijiya ta kayar da shi. Sai aka ce an kawo wani gwaji kyauta. Wai farfaɗiya iri-iri ce, wata a jini take, idan an gano irinta sai a san maganin da ya dace. Tsinke ne mai auduga ake gogawa a cikin kumatun yaro, da na uwarsa, da na ubansa, a kai wa inji ya duba. Aikin da za a gama a ɗaki kafin shayi ya huce.

Amma ina! Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ko murfin masai ba a buɗewa sai ya yanka ƙyalle, ya ce sai an yi biki. Aka kafa rumfuna a wani fili tsakanin Gwarzo da Kabo, aka kawo makaɗa. Ma'aikaciyar jinyar da za ta yi wa iyaye bayani aka tura ta jera kujeru. Allah Ya ƙara wa Mai Girma lafiya, da kansa ya karɓi lasifika ya ce, "Uwar yaro da uban yaro su fito!"

Ranka ya daɗe, ɗan fari fa! A gidajenmu, tun muna bin shanu, wa ya taɓa tsayawa gaban surukai ya ce ɗan fari nasa ne? Rahama, uwar yaron, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, "wancan" take cewa. A ɗakin gwaggonsa Zubaidatu ma yake kwana tun yaye. Ja'afaru ya duƙufa yana nazarin takalminsa. Rahama ta ja mayafi har haɓa.

Mai ɗaukar hoto ya ce rana na karkatawa. Sai Badamasi ya gyara babbar riga ya miƙe, Zubaidatu ta bi bayansa. Wani yaron Mai Girma ya goga musu tsinke, aka tafa, maroƙi ya yi kirari.

Na raɗa wa Badamasi, "Anya, Malam?"

Ya ce, "Ɗan ƙanena ba ɗana ba ne? Kuma yawuna ya fi na Ja'afaru kauri, injin zai fi gani."

Yau muka je karɓar sakamako mu duka, har da yaron da iyayensa, aka tafi da ni a matsayin mai karatu. Likita Bushira, yarinya mai hankali, ta sa aka rufe ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, maganar tana da nauyi. Injin ya ce ba ku kuka haifi yaron nan ba."

Badamasi ya ce, "Ya yi gaskiya."

Ta dube shi. "Kuma ya ce kai da matarka... wa da ƙanwa ne."

Zubaidatu ta saki salati. "Matarsa? Ni? Wannan da ko akuya aka ba shi kiwo sai ta rame?"

Badamasi kuwa murna ta kama shi. "Kai, injin nan ya san aiki! 'Yata, bai faɗi wa ya cinye gonar Baffa ba?"

Likita ta dafe kai. Da ta gama jin zancen, sai ta ce tsinken gwajin ya kusa ƙarewa, kuma ba ta san ranar da wani zai zo ba, don an ce kasafin ya tafi wajen rumfuna da makaɗa. In ba a ɗauki na iyayen gaskiya yau ba, yaron zai ci gaba da shan magani bisa lalube.

"To wace ce uwar yaron?"

Ja'afaru ya koma kan takalminsa, da alama bai gama karatun ba. Yaron na zaune a kan benci yana wasa da ƙafa, tabon bakin rijiya a goshinsa.

Sai mayafi ya motsa a bayan ƙofa.

"Ni ce," in ji Rahama. "Mahbub ɗana ne."

Yaron ya waigo yana neman wanda ya kira shi, don bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba. Zubaidatu ta juya tana gyaran ɗankwali, alhali ba abin da ya same shi. Badamasi ya dunguri ƙanensa. "Kai kuma buɗe bakin, ba cewa aka yi ka yi magana ba."

An goga, an rufe, an aika. Allah Ya sa a dace.

A hanyar dawowa na ji ana shela wai Mai Girma zai yi taron murnar nasarar shirin. Ina ba shi shawara ya gayyaci Badamasi da Zubaidatu su zauna a gaba. A iya sanina, su ne kaɗai abin da aka gwada a ƙasar nan ya fito daidai.