Ranar da Na Ba Inna Yalwa Haihuwa Uku

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, kuma ko na so in manta, akwai mutanen gari guda da ba za su bari ba. Lokacin watana biyu kacal da kama aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, a wani ƙauye tsakanin Gezawa da Zakirai. Ni ce mai rajista: in rubuta sunan wanda ya zo, in ba shi kati, in adana littattafai. Fitowata ke nan daga makarantar koyon aikin lafiya a birni, ina da farin hijabi mai shan guga, biro kala uku, da wani irin ji da kai wanda yanzu in na tuna sai in rufe fuska ni kaɗai a ɗaki.

Shekarun tsanani ne. Mai ya yi tsada har kuɗin motar Kano ya ninka ya sake ninkawa, taki ya gagari manoma, gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni. Duk da haka akwai abu ɗaya da matan yankin suke jira kamar ruwan fari, wato zuwan Dakta Rabi. Larabar farkon kowane wata motar ƙaramar hukuma takan kawo ta daga birni don ta duba mata masu neman haihuwa. Wata ta yi mata maganin sanyi, wata ta ɗora ta kan ƙwayoyi na wata uku, wata ta tura ta babban asibiti, wata kuma ta ce sai an zo da mijin (a nan ake kai ruwa rana). Shekara uku ke nan ana haka.

Sai labari ya zo cewa man mota ba zai ishi kowane aiki ba, za a rage wasu. Wani Alhaji Kabiru zai zo daga ƙaramar hukuma ya ga ko zuwan Dakta yana da amfanin da za a ci gaba da ƙona masa mai. Dakta Rabi ta ajiye hannu a kafaɗata ta ce, "Ƙanwata, ki buɗe littafin nan ki fitar mana da lissafi. Mata nawa muka gani, nawa Allah ya ba. Ranar zan zo da wuri mu duba tare kafin taro."

Na ce, "Kada ki damu, Dakta. An gama."

Littafin kuwa ba ni na cika shi ba. Malam Sabo ne, wanda na gada, ya yi ritaya ya koma wajen 'yarsa a Bagwai. Rubutunsa sai ka ce kaza ta bi ta kan danshi. A gaba akwai sunayen matan da suka fara zuwa, wadda ta kammala magani ya yi mata alama a gefen sunanta. A baya kuma akwai wasu shafuka da ya rubuta wa "Haihuwa" a sama.

Ina zaune ina fama da shi sai ga Inna Yalwa, ungozomar garin. Ta haura saba'in, ba ta da haƙoran gaba, amma goro bai taɓa gagararta ba. Kullum tana asibitin, ba albashi ba komai, ita ce take rako mata masu jin kunyar shigowa. Ta leƙo ta ce, "'Yar nan, in zo mu duba tare? Duk matan da ke cikin littafin nan ba wadda ban san ɗakinta ba."

Na yi murmushin 'yan birni na ce, "Inna, wannan aikin lissafi ne. Ki huta abinki."

(Allah ya yafe mini wannan murmushin.)

Ga yadda na yi lissafina. Na ƙirga masu alamar, na samu mata ashirin da biyar. Waɗanda suka daina zuwa a tsakiya na tsallake su, na ce ai ba su gama ba, ba laifin Dakta ba ne. Sai na juya baya na ƙirga jarirai, na samu talatin. Na raba, na ninka da ɗari, sai ga ɗari da ashirin.

Kada ku ɗauka ban tsaya ba. Na tsaya, na kai minti guda ina kallon lambar. Wata murya a raina ta ce, tun a firamare an gaya miki kashi ba ya wuce ɗari. Sai wata muryar, wadda ta fi zaƙi, ta ce, to tagwaye fa? Na bi ta biyun. Na ce wannan lamba ko shugaban ƙaramar hukuma ya gani sai ya ƙara mana mota.

Ina cikin murna kuma sai na ci karo da wani suna da ya fito sau uku a shafin haihuwa: Tabawa Isiyaku. Shekarar farko namiji, ta biyu mace, ta uku namiji. A gefen sunan akwai wasu 'yan ɗige-ɗige, nan ɗaya, nan biyu, nan uku. Na sa farce na kankare su, a zatona kashin ƙuda ne. Na ce Allahu Akbar, matar da ta zo ba ta da ko ɗaya, yau ga ta da uku! Na samo farin kwali na rubuta lambata da jan biro, manyan baƙaƙe, a ƙasa na sa sunan Tabawa a matsayin gwarzuwar shirin.

Ranar taro Dakta ba ta zo da wuri ba. Layin gidan mai ya riƙe su, sai wajen sha ɗaya suka iso tare da Alhaji Kabiru, mutane sun riga sun cika gindin darbejiya. Maza a kan benci tare da dagaci da liman, mata a kan tabarmi ta ɗaya gefen, wasu da goyo. Dakta ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Kin tabbata komai daidai?" Na ce, "Dakta, sai ma kin ji."

Don ƙarin masifa, dagaci ya sa an aro lasifikar masallaci. Wato duk abin da zan faɗa, har matar da ke surfe a ƙarshen gari za ta ji.

Liman ya buɗe da addu'a, dagaci ya yi maraba da baƙi, aka miƙo mini abin magana. Na gyara hijabi, na ɗaga kwalina sama, na ce, "Jama'a, binciken da na gudanar ya nuna cewa nasarar wannan shiri ta kai kashi ɗari da ashirin cikin ɗari!"

Wasu suka tafa. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Na kalli Dakta Rabi ina jiran yabo, sai na ga ta sa hannu ta dafe goshi. Alhaji Kabiru ya cire tabarau ya goge da bakin babbar riga ya mayar.

Ya ce, "Malama, taimaka mini, ni lissafina ya tsufa. In mata ɗari suka zo, ɗari da ashirin ne suke samun ciki?"

Na ce, "Haka lissafi ya nuna, ranka ya daɗe."

"To su ashirin ɗin da ba su zo ba, ƙanshin maganin suka ji?"

Dariya ta fara tashi daga bencin maza. Mai hankali a nan zai ce a ba shi lokaci ya sake dubawa. Ni kuwa sai na ga lokacin fito da babban makamina ya yi. Na ƙara matso da abin magana bakina na ce, "Ranka ya daɗe, ga hujja. Akwai mace ɗaya a garin nan da ta haihu sau uku cikin shekara uku albarkacin wannan magani. Ina Malama Tabawa Isiyaku? Ta miƙe jama'a su gan ta!"

Wurin ya yi tsit. Har kukan kurciya na ji a saman darbejiya.

Can daga tabarmar mata na ga an dogara sanda. A hankali, gwiwa tana ƙara, Inna Yalwa ta miƙe. Ta tura goronta gefen kunci ta ce, "Ga ni, 'yar nan."

Ban taɓa sanin Yalwa laƙabi ba ne.

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, girgizar ƙasa ce. Liman ya cusa fuska cikin rawani kafaɗunsa suna rawa. Mata suka kife a kan juna. Wani dattijo siriri da ke zaune kusa da dagaci, wanda a take na gane shi ne Malam Isiyaku, maza suka yi masa ca da hannaye: "Barka, Malam! Barka da arziki! Ashe ana nan ana aiki!" Shi kuwa ya riƙe gemu, fuskarsa ba alamar wasa, ya ɗaga murya ya ce, "Tabawa, yanzu suna uku aka yi a gidana ban yanka ko zakara ba?"

Inna ta ce, "Ai ganin tsadar nan na rufa maka asiri." Sai ta dafe ƙugu ta ɗan taka rawa, ta ce, "Nawa ne, ni na haife su, wa zai ƙwace?"

Ni dai ina tsaye da kwali a sama, na ma manta ban sauke shi ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da na buɗe baki don in ba da haƙuri, abin da ya fito ta lasifika, gari duka ya ji, shi ne, "Wayyo Allah na."

Dakta Rabi ce ta karɓe abin maganar ta kashe. Ta ce wa Alhaji Kabiru an samu kuskuren rubutu, a ba mu zuwa bayan azahar. Ta ja hannuna zuwa ɗakin magani, Inna ta biyo mu tana share hawayen dariya. Ni nawa hawayen na gaske ne, don na tabbata na kashe shirin da hannuna.

Da aka rufe ƙofa sai Inna ta sauke murya. Ta ce, "'Yar nan, mata uku ne. Kowacce a ɓoye ta zo, ba ta so dangin miji su san ta nemi magani. Na ce wa Sabo ya rubuta sunana, ya yi wa kowacce ɗigo don a bambanta su. Ba ki ga ɗigon ba?"

Na ce, "Na gani, Inna. Na kankare."

Ta sake fashewa da dariya har sai da ta zauna. A lokacin na gane dalilin rawar da ta taka a waje. Ta mayar da abin wasa ne a kanta, don kada wani ya tsaya tambayar 'ya'yan wa ne. Kuma har yau ba wanda ya tambaya.

Dakta ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Ta ce, "Shafin haihuwar nan na duk jariran da aka kawo rigakafi ne, har da na matan da ba su taɓa ganina ba. Kuma mace muke ƙirgawa, ba jariri ba. Mai tagwaye mace ɗaya ce. Sannan wadda ta daina zuwa saboda kuɗin mota ya gagare ta, ita ma tamu ce. In kika cire ta, kin ce ba ta taɓa zuwa ba ke nan."

Inna ta kwance bakin zane ta zube gyaɗa a kan tebur. Ina nuna suna da yatsa, ita tana ajiye ƙwaya ɗaya a inda ta dace, ba tare da mun ɗaga murya ba. Wannan ta haihu, yaron har ya fara tafiya. Wannan ta samu ciki ya zube, Allah ya mayar mata da alheri. Wannan sun tashi sun koma Kano neman abinci, ba labari. Wannan har yanzu tana zuwa. Inna ba ta yi gardama da littafin ba sai sau biyu, kuma duk biyun ita ce da gaskiya. Da muka gama, mata arba'in da huɗu ne suka fara. Goma sha biyu sun rungumi ɗa mai rai. Biyar sun samu ya zube. Goma sun daina zuwa. Sauran suna kan hanya.

Na kalli ɗan tulin gyaɗa goma sha biyun nan, na ga ƙanƙantarsa kusa da ɗari da ashirin ɗina, na ce, "Dakta, da wannan za su rufe mu."

Ta ce, "In za su rufe, su rufe a kan gaskiya. Ke za ki karanta."

Haka na sake fita bayan azahar, ba kwali, ba lasifika, ba sunan kowa. Na karanta lambobin huɗu. Alhaji Kabiru ya rubuta a ɗan littafinsa, ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta. Sannan ya ce, "Da na kai ta safen nan ofis, da ni za a fara yi wa dariya, sannan a soke motar. Wannan kuwa zan iya tsayawa a kanta a gaban kowa. Gida goma sha biyu ba wasa ba ne. Kuma goman da suka daina zuwa, ai su ne hujjar cewa motar ta zo nan ta fi a ce su je birni."

Wannan karon guɗar da aka yi ta gaskiya ce. Motar ba ta daina zuwa ba. Inna Yalwa ta kwashe gyaɗarta ta damƙa mini a hannu ta ce, "Ungo, na maijego ne, ki ci albarka."

Shekara shida na yi a garin, kuma har na bar shi ba wanda ya kira ni da sunan yanka. Ɗari-da-Ashirin nake, a kasuwa, a gidan biki, har a bakin dagaci. Malam Isiyaku kuwa duk inda muka haɗu sai ya tsaya ya gaishe ni da ladabi, sannan ya sunkuyo ya ce, "Malama, in an samu na huɗu, don Allah a fara sanar da ni kafin a sa a lasifika."

Yanzu ni nake koya wa sababbin ma'aikata cika rajista. Ina gaya musu abu biyu. Duk lissafin da ya sa ka murmushi tun kafin ka gama shi, koma ka sake shi daga farko. Kuma kafin ka yi wa mace barkar haihuwa a bainar jama'a, ɗan ɗaga kai daga littafi ka dubi fuskarta.