Katin Tasi'u Kwando

Akwai wani abokinmu a majalisa, Tasi'u mai shagon tayal. Mutum ne har mutum, amma in aka zo ƙwallon kwamfuta sai dai a yi masa addu'a. Shekara biyu cur Nafi'u tela yana lallasa shi, har sunansa ya koma Kwando, don duk abin da aka buga masa sai ya shige. Shi kuwa bai taɓa yarda hannunsa ne ba. Kullum laifin katin girafik ne, na'urar nan da ke fitar da hoton wasa a cikin kwamfuta. Wai nasa ya tsufa, hoto yana sarƙewa, kafin ya ga ƙwallo ta riga ta kwanta a raga. Ran nan aka zura masa biyar, muka yi ta ihu, zuciya ta ɗebe shi ya ce zai sake kati, kuma in Nafi'u ya ƙara cin sa ranar Asabar, shi zai riƙa dafa wa majalisa shayi yana wanke kofuna har wata guda. Magidanci mai 'ya'ya huɗu fa! Wallahi ya ba ni tausayi, amma ni na fara cewa kowa ya shaida.

Kwana uku bawan Allah bai san inda shagonsa yake ba, yana ta kallon bidiyon masu gwada katuna. Ranar Alhamis ya ja ni wajen Alhaji Mudi, wani dattijo mai sayar da kayan kwamfuta a titin Beirut, da takarda a hannunsa cike da lambobi. Katuna biyu ya tsayar, manya na ji da gani, ɗaya mai koren kwali, ɗaya mai ja. Ko gaisuwar kirki ba a gama ba ya fara karatu.

"Alhaji, koren nan hoto ɗari da sittin yake fitarwa a daƙiƙa ɗaya, jan kuma ɗari da arba'in. Amma jan ya fi ma'ajiya, bai kai shi shan wuta ba, ga sauƙin kuɗi. Shi kuma koren har inuwar ɗan wasa a kan ciyawa yake nunawa, sai dai kuɗinsa ya sayi sabon babur. Wanne ya fi?"

Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "Malam Tasi'u, ni takarda ba ta sayar mini da kaya. Ga su can dukansu a haɗe. Zauna ka gwada da hannunka."

"Da wa zan buga?"

"Zo mu taɓa. Jikokina sun ɗan koya mini."

Aka fara da jan. Alhaji da goro a baki, waya maƙale a kafaɗa yana ciniki da wani mutumin Zariya, ya ci Tasi'u uku ba ko ɗaya. Ni dai na juya ina karanta kwalayen da ke kan kanta, don kada mu haɗa ido.

Tasi'u ya ce, "Ka gani ko? Hoto ashirin ɗin nan da ya rasa su ne suka cuce ni. A kunna koren!"

Aka kunna. Kai jama'a, abu ya yi kyau! Gumin 'yan wasa ma ana gani, har zaren raga ɗaya bayan ɗaya. Mun kuwa ga ragar sosai, don sau huɗu Alhaji ya girgiza ta.

Tasi'u ya ninke takardarsa a hankali ya sa a aljihu, ya share goshi.

"To Alhaji, tsakaninka da Allah, wanne zan ɗauka?"

"Ka koma gida ka riƙe tsohon naka da kyau."

"Haba Alhaji! Ciniki fa na kawo maka."

Alhaji ya ajiye abin buga wasan da ke hannunsa ya ce, "Na sani, ɗana. Amma in na sayar maka da sabo, ranar Asabar wa za ka ɗora wa laifi?"