Yadda Za Ka Wuce Jandarma da Lodin Ciyawar da Ya Fi Ƙarfin Titi

Kai direban babbar mota, matso kusa. Doka ta ce faɗin mota da kayanta kada ya wuce mita biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Ni da karatuna ya tsaya a aji uku, shekara arba'in ina zaune a bakin hanyar Tarudant ina kallon motoci da gajimare, har na gano maganin wannan doka. Ba ya ƙin ci. Hammu, mijin ƙanwata, ya gwada.

1. Loda son ranka. Hammu ya jibga dammunan ciyawa har motarsa ta koma kamar gajimaren da ya sauko shan ruwa. Faɗinta mita huɗu cif. Sau biyu jandarman shingen gada yana kama shi, ya kuma rantse a na uku sai ya karɓe lasinsa. Lasin nan kuwa shi ke ciyar da mutum tara.

2. Guji bel ɗin ɗaure kaya mai ƙugiya. Shi doka ke so, amma ba shi da albarka. Ɗaure da igiyar kaba irin ta kakanni, ka jiƙa ta da ruwan gishiri don ta yi ƙwari.

3. Nemi awaki. Kafin gada, tsaya ƙarƙashin itacen argan. Awakinmu masu hawan bishiya ne, tsayin mota ba ya ba su tsoro. Hammu ya tarar da tsohuwa Lalla Ijja da garkenta.

"Lalla, ara mini awakinki su yi wa motata aski."

"Hammu, rana ce ta taɓa ka?"

"Gefe da gefe kawai za su ci."

"To ka gaya musu da bakinka. Ni shekara goma ba su ji maganata ba."

4. Sha shayi. Kofi uku, ba gaggawa. Kada ka leƙa ka ga abin da suke ci. An ce akuya ba ta son a tsare ta da ido, kuma ni ma na lura da haka.

5. Isa shinge da fara'a. Jandarma ya fito yana kaɗa tef ɗin awo.

"A'a, Sarkin Faɗi! Yau dai ka kawo mini lasin da ƙafarka."

"Yallaɓai, auna tukuna."

Ya auna. Ya goge tabarau ya sake aunawa. Mita biyu da rabi, ko ɗoriyar ba ta cika ba. Hammu ya ji kamar ya yi guɗa.

6. Kada ka bari a yaba maka. Nan ne kawai Hammu ya kuskure. Jandarma ya ce, "Madalla, ka shiryu!" ya kai wa lodin ɗan duka da tafin hannu. Ashe awaki sun fi son gishiri a kan ciyawa, sun cinye igiyar tas. Dami ya bi dami, rugugu, har titi ya toshe daga wannan gefe zuwa wancan.

Jandarma ya fito daga cikin ciyawa yana tofar da kara. Ya tsuguna ya ja tef.

"Mita goma sha ɗaya. Miƙo lasin."

Hattara. Ni faɗi na yi alkawari, kuma faɗi ya cika, jandarma shaida ne. Abin da ya biyo baya tsakaninka ne da akuya, kada ka zo ƙofata. Mai sauran tambaya ya nemi Hammu ƙarƙashin itacen argan. Yanzu shi ke yi wa Lalla Ijja kiwo, kuma ta ce awakin suna jin maganarsa.